Nektayin jami'a: da wa ratsin yake magana?

A titin King's Parade da ke tsakiyar Cambridge, daura da kwalejin King's, akwai wani tsohon shago mai suna Ryder & Amies da ke sayar da kayan jami'a. In ka leƙa ciki za ka tarar da nektayi reras, launi-launi. Jami'ar tana da kwaleji 31, kowace da launinta, kuma da wuya ka samu wadda ta tsaya a kan nektayi guda: ga mai ratsi, ga mai tambari, wasu har da na lokacin zafi mai hasken launi. Ban da waɗannan ga na 'yan tseren kwale-kwale, ga na 'yan ƙwallon zari-ruga, ga na ƙungiyoyin cin abinci da ba kowa ya san da su ba. Haka abin yake a shagunan Oxford. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka ado ne, ya nemi wanda zai shiga da kwat ɗinsa. Ɗan gida kuwa karanta su yake yi.

Ni ɗalibi ne a Ingila, kuma ba na cikin masu cewa a tara nektayi a cinna masa wuta. Wanda ya ga yana yi masa kyau ya ɗaura abinsa. Rigimata da zanen ce, musamman ratsin nan da ake nuna mana a matsayin alamar zumuncin ɗalibai, alhali babban aikinsa shi ne ya raba mutane gida biyu: waɗanda suka iya karanta shi da waɗanda ba su iya ba.

Abin ban dariya shi ne ɗalibai ne suka faro shi, kuma da wasa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a 1880 'yan tseren kwale-kwale na kwalejin Exeter da ke Oxford suka kwance ƙyallayen da ke zagaye da malafunsu suka ɗaura a wuya, daga baya suka je wurin tela ya ɗinka musu nektayi mai launukan nan. Kafin nan launi ya riga ya zama shaida a kan ruwa, don tun 1829 aka fara tseren Oxford da Cambridge, Oxford ta riƙe shuɗi mai duhu, Cambridge kuma ta ɗauki shuɗi mai haske a 1836. Mai kallo daga bakin kogi yana buƙatar ya gane kwale-kwalen su wane ne a gaba, to launi a nan yana da aiki na zahiri. Amma da abin ya bar kogi ya shiga ofis da kotu da majalisa, sai aikinsa ya sauya. Makarantun kwana na masu hali suka ɗauka, rundunonin soja suka ɗauka, kulob-kulob na Landan suka ɗauka. Kowa ya san na makarantar kwana ta Eton baƙi ne mai siririn ratsi shuɗi-shuɗi. Na kulob ɗin wasan kurket na MCC da ke Landan ja ne da ruwan ƙwai, mai ɗaukar ido tun daga nesa, kuma mutane kan shafe shekaru masu yawa a layi kafin su cancanci ɗaura shi.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne. Babu dokar da za ta kai ka kurkuku in ka naɗa, yadin ma a kasuwa ake sayar da shi, amma ranar da ka fito da shi alhali ba ka gaji sarauta ba, kallon da za a yi maka ya ishe ka hukunci. To haka Turawan Ingila suke da nektayi mai ratsi. Mai shago zai karɓi kuɗinka ya ba ka na kowace kwaleji, sai dai ranar da wani dattijo ya dubi wuyanka ya tambaye ka shekarar da ka gama da sunan malaminka, ranar za ka gane angulu da kan zabo aka yi, kuma kai ka yi wa kanka.

Har karkatar ratsin ma magana ce. A al'adar Birtaniya ratsi yana gangarowa ne daga kafaɗar hagu ta mai ɗaurawa zuwa dama. A Amurka akasin haka aka saba, kuma ana danganta wannan da kamfanin Brooks Brothers na New York, wanda aka ce ya juya ratsin don kada abokan cinikinsa su zama masu da'awar runduna ko makarantar da ba su taɓa shiga ba. Ita kanta karkatar daga almakashi ta samo asali. Ana saƙa ratsin a miƙe, sai a yanka yadin a karkace don nektayin ya kwanta sumul ba tare da ya murɗe ba, dabarar da wani tela a New York, Jesse Langsdorf, ya yi wa rajista a shekarun 1920. Dabarar tela ce kawai, amma yau an mai da ita ma'aunin gane ɗan asali.

Zan yi wa mai ratsi adalci ɗaya: ya fi kyau. Ko makaho ya shafa ya san ya fi mai tambari tsari. Launi biyu ko uku, faɗin da ya dace, shi ke nan. Mai tambari kuwa sau da yawa tarkace ne, an ɗauki garkuwar da aka zana don bangon coci ko ƙofar kwaleji an matse ta ta koma ƙanƙanuwa, an barbaza ta a yadi, zaki ya koma kyanwa, littafi ya koma ɗigo. Tambarin Oxford buɗaɗɗen littafi ne da kambi uku, na Cambridge gicciye ne da zakuna huɗu da littafi a tsakiya. A jikin dutse suna da kwarjini. A ƙirjin ɗalibi, sai ka matso kusa har ka ji numfashinsa kafin ka gane abin da aka zana.

Duk da haka mai tambari ya fi gaskiya, domin yana faɗin sunansa. Wanda bai taɓa taka Ingila ba zai gane cewa wannan kayan wata makaranta ne, in ya so ya tambaya. Mai ratsi kuwa shiru yake yi wa kowa sai wanda aka haifa a cikin abin. Cikin mutum goma da ke ɗaki, tara za su ga shuɗi da fari ne kawai, ɗaya zai ga ɗan'uwa. In wannan ɗayan shi ne mai ɗaukar aiki, to an gama magana kafin a buɗe baki, sauran kuma ba su ma san an yi ta ba.

Kada a ce ina ƙara gishiri. Makarantar Eton kaɗai ta fitar da firayim minista 20, na baya-bayan nan su ne David Cameron da Boris Johnson. Rahoton da gidauniyar Sutton Trust da hukumar kula da ci gaban marasa galihu ta Birtaniya suka fitar a 2019 ya nuna kashi 65 cikin 100 na manyan alƙalan ƙasar makarantun kuɗi suka yi, alhali kusan kashi 7 ne kawai na jama'a ke zuwa irin waɗannan makarantu, kuma kashi 71 na alƙalan sun bi ta Oxford ko Cambridge. Wani rahoton na hukumar a 2016 kan bankunan zuba jari na Landan ya gano ana iya watsar da mai neman aiki saboda ya sa takalmi ruwan ƙasa da kwat, ko don nektayinsa ya cika ɗaukar ido. Yaron da ya fito daga gidan da ba a taɓa ɗaura nektayi ba, wa zai gaya masa? Ba a rubuta ƙa'idar a ko'ina ba. A teburin cin abinci ake koyonta tun ana yara.

Sai dai a nan dole in sassauta, don ni kaina in aka ajiye mini su biyu, mai ratsin zan ɗauka, kuma ba don kyau kaɗai ba. Kwalejojin nan da yawansu limaman coci da sarakuna ne suka kafa su, kuma tamburansu na ɗauke da tarihin nan. Sai a 1871 aka yi dokar da ta cire sharaɗin bin Cocin Ingila daga digiri da muƙaman Oxford da Cambridge da Durham, in ban da na fannin addini. Kwalejin Jesus ta Cambridge, wadda Bishop John Alcock ya kafa a 1496, kawunan zakaru uku ne a tambarinta, wannan da sauƙi. A na kwalejin Corpus Christi tsuntsuwa ce ke ciyar da 'ya'yanta da jinin ƙirjinta, alama ce ta aƙidar Kirista. Kwalejin Queens' kuwa, alamar da ƙungiyoyinta ke ji da ita kan aladen daji ne. Musulmi ɗan Katsina ko Damagaram da zai aika hoto gida, ko zai cire kwat ya ta da kabbara, ba sai an gaya masa wanda zai zaɓa ba. Ke nan zanen da na kira mai wariya shi ne kuma ya fi ba mu kwanciyar hankali. Ban ga yadda za a warware wannan da kalma ɗaya ba, kuma ban yarda da duk wanda ya ce ya warware ba.

Akwai kuma maganar yadi, wadda abokan karatunmu ba su taɓa kawowa a ransu ba. Nektayin kwaleji iri biyu ake yi, na alharini mai tsada da na foliyesta mai sauƙi, kuma a idon 'yan gida na alharinin shi ne na gaske. Mu kuwa mun san hadisin da ya hana wa maza alharini, da rangwamen da ya zo a kan faɗin yatsu biyu zuwa huɗu. Ko nektayi ya shiga rangwamen ko bai shiga ba, wannan na malamai ne. Abin da na lura shi ne da yawanmu na foliyestan muke saye, aljihu ya huta, zuciya ta huta, wanda ya ga dama ya ce talauci ne.

To mata fa? Nan ne da'awar "alamar dukan ɗalibai" take rushewa gaba ɗaya. An ƙirƙiri abin ne a zamanin da ɗalibi yana nufin namiji. Oxford ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, Cambridge kuwa sai 1948. Kwalejin Magdalene ta Cambridge ba ta karɓi mata ba sai 1988, kuma a lokacin wasu daga cikin mazan baƙin ƙyalle suka ɗaura a damtse, wai suna makoki. Yau mata sun kai rabin ɗalibai ko kusa da haka, amma ranar taron tsofaffin ɗalibai za ka ga maza sun jeru kowa da shaidarsa a wuya, matan kuma an bar su da ɗan ƙaramin maƙalin ƙirji ko gyale, in ma an tuna da su.

Masu kare al'ada suna da hujja guda da nake girmamawa, kuma daga Oxford ta fito. A can har yau ɗalibi ba ya shiga jarrabawa sai da shigar da suke kira subfusc: baƙar kwat ko siket, farar riga, baƙin takalmi, rigar malanta a sama, sannan a wuya ko dai nektayi mai siffar malam-buɗe-littafi, fari ko baƙi, ko dogon baƙin nektayi, ko baƙin zare mai faɗi. Tun 2012 aka cire bambancin na maza da na mata, kowa ya zaɓi wanda ya so. An sha cewa wannan shiga tana tsorata 'ya'yan talakawa, don haka aka kai maganar gaban ɗalibai. A 2006 kashi 81 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce a bar ta. A 2015 aka sake, kusan kashi 76 suka maimaita. Cikin dalilan da aka riƙa bayarwa har da cewa ranar jarrabawa ba a gane ɗan attajiri da ɗan mai wankin mota.

Na yarda da su. Amma a duba da kyau abin da suka zaɓa. Nektayin subfusc ba shi da ratsi, ba shi da tambari, ba ya faɗin kwaleji ko kulob ko makarantar da ka fito. Adon da ɗalibai suka ƙara da kansu fure ne a ƙirji, fari ranar jarrabawar farko, ruwan hoda a tsakiya, ja ranar ƙarshe, kuma abin da yake faɗa kowa na iya kaiwa gare shi: wannan ya kusa hutawa, a yi masa fatan alheri. Saboda haka ƙuri'ar nan ba goyon bayan nektayin kwaleji ba ce. In ma hujja ce, to tawa ce. Yadi mara zane yana daidaita mutane, zanen ne ke jera su sahu-sahu.

Akwai nau'in da nake ɗaga wa ƙafa, wato wanda gumi ya sayo. Na kulob ɗin Hawks' a Cambridge ruwan hanta ne mai ratsin zinare, na Vincent's a Oxford shuɗi mai duhu ne da ƙananan kambuna, kuma duka biyun na 'yan wasa ne. Wanda ya yi hunturu yana tashi da asuba yana tuƙa kwale-kwale cikin sanyin da ke fasa leɓe, in ya ɗaura wani abu don tunawa, ban ga laifinsa ba. Amma ko a nan ƙwazo kaɗai bai isa ba, sai na ciki sun zaɓe ka, kuma Vincent's, da aka kafa tun 1863, ba ta buɗe wa mata ƙofa ba sai 2016.

Wani zai ce ina bugun jaki na bar taiki, don ba nektayi ke haifar da son kai ba. Gaskiya ne, kuma shaidar tana gida. Kwalejin Barewa ta Zariya ta fitar da Abubakar Tafawa Balewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma tsofaffin ɗalibanta ba su taɓa buƙatar wani abu a wuya kafin su gane juna ba, cikin babbar riga ma sun san nasu. Ko an hana nektayi gobe a Ingila, 'yan gida za su gane juna ta lafazi da sunan unguwa. Bambancin shi ne lafazi ba jami'a ce ta buga masa hatimi ta sa a kasuwa ba. Nektayi kuwa da izininta ake yinsa, tana samun kuɗi a kansa, kuma ita ce dai ke buga littattafan talla tana cewa ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Mu da muka gaji tsarin jami'a daga Birtaniya, tun daga Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, ratsin bai kama ƙasa sosai a wurinmu ba, alhamdulillahi. Abin da ya kama shi ne tilas. Ɗaliban shari'a baƙi da fari, a wasu tsangayoyin kuma namiji ba ya shiga aji sai da nektayi, ko da watan Afrilu ne ana zafin da ya haura digiri 40. Su kansu masu abin sun fara sakin wuya. A 2007 ma'aikatar lafiya ta Ingila ta shawarci likitoci su daina duba marasa lafiya da nektayi, saboda ba a cika wanke shi ba kuma yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta daga gado zuwa gado. A 2021 majalisar dokokin New Zealand ta soke tilascin ɗaura shi bayan an fitar da ɗan majalisa Rawiri Waititi, ɗan ƙabilar Maori, don ya zo da abin wuyan gargajiyarsu. Kuma ba mu manta da Disamban 2017 ba, lokacin da aka hana wata ɗaliba rantsuwar zama lauya a Abuja saboda hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita da shi. Shiga iri ɗaya tana daidaita mutane ne kawai in an yanka ta yadda kowa zai iya shiga ciki.

A yau ɗaliban Ingila da kansu sun riga sun yanke hukunci ba tare da taro ba. Abin da ake gani a titi shi ne rigar sanyi mai kumbura da sunan kwaleji rubuce ɓaro-ɓaro, da dogon gyalen ulu mai launukan kwaleji wanda mace da namiji duk suke yafawa. Nektayi ya koma kayan iyaye ranar yaye ɗalibai, da 'yan yawon buɗe ido, da tsofaffin ɗalibai. Wannan bai sa ya mutu ba. Ya bar aji ne ya koma inda ake raba aiki da muƙami.

Abin da nake so kwalejoji su yi ba shi da wuya. Launi na ɗalibai ne tun asali, to a mayar musu. In za a sake zane, ƙungiyar ɗalibai ta zauna a kai, mata da baƙi a ciki, ba kwamitin tsofaffin ɗalibai da ɗan kasuwa kaɗai ba. A bar launukan su hau duk abin da mutum ke sawa da gaske, gyale ne, hijabi ne, rawanin Sikh ne, ko hular da za a aika Kano ko Maiduguri a ɗinko da zaren launin kwaleji. A ajiye tsohon tambari ga mai so, a samar da wanda ba shi da alamar addini ga wanda ba ya so.

Sannan ofisoshin da ke ba ɗalibai shawarar neman aiki su fito fili su ce kada a je ganawar ɗaukar aiki da nektayin kwaleji, kamfanoni su ma su rubuta hakan a takardar gayyata. A 2015 kamfanin Deloitte na Birtaniya ya sanar da cewa zai riƙa ɓoye wa masu ganawa sunan makaranta da jami'ar mai neman aiki, don a auna mutum da abin da ya iya. Wasu kamfanonin lauyoyi na Landan ma sun bi irin wannan hanya. In an goge sunan a takarda amma yaro ya shigo da shi rataye a wuya, cikin yaren da shi da mutum ɗaya a kan teburin kaɗai ke ji, to aikin gogewar ya tashi a banza, kuma yarinyar da ke zaune a waje tana jiran a kira ta ba ta da hanyar da za ta san an yi haka, balle ta kai ƙara.